Kwana biyar a Kef Tawun: me za a fara gani, me za a bari?

Wani bawan Allah daga Kano ya aiko da tambaya. Shi da maiɗakinsa da yara biyu za su yi kwana biyar a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a watan Disamba. Yana so ya san wuraren da suka cancanci a je, yadda za su yi da sallah da abinci, da kuma ko garin yana da hatsari kamar yadda ake faɗa.

Alhaji, Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya. Na yi shekaru a garin nan, na kuma sha zagayawa da baƙi daga gida, don haka bari in fara da abin da na fi so ka riƙe: kada ka zauna a Kano ka rubuta cewa Litinin wuri kaza, Talata wuri kaza. A Kef Tawun dutse da iska ne suke tsara wa baƙo ranakunsa. Kullum ka tashi da safe, ka ɗaga labule ka dubi kan dutsen tukuna, sannan ka yanke inda za ku.

Dutsen shi ne Dutsen Tebur, wanda za ka ga an rubuta Table Mountain a allunan hanya. Garin kwance yake a gindinsa, tsakaninsa da teku. Tsawonsa mita 1,086 ne. A lissafi Jos ma ta fi shi nisa daga matakin teku, amma Jos a hankali ake hawanta har mutum ya isa bai sani ba, shi kuwa wannan daga bakin ruwa ya miƙe tsaye kamar katanga, samansa a shafe, shimfiɗe kusan kilomita 3. A watannin zafinsu, wato Disamba zuwa Fabrairu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso gabas. Tana kwaso laima daga teku ta tura shi sama, ya zama gajimare ya lulluɓe kan dutsen yana zubowa ta gefe, mutanen garin suna ce masa mayafin tebur. Daga ƙasa abin sha'awa ne. Amma in ya sauka, wanda ke sama ba ya ganin komai, kuma in iskar ta tsananta ana rufe keken igiyar da ke kai mutane sama gaba ɗaya.

Na taɓa karɓar wani dattijo da ya ce a bar masa dutsen sai ranar ƙarshe, don ya rufe tafiyarsa da abin da ya fi kyau. Ranar farko sama garau take, ba ko ɗigon gajimare. Daga rana ta biyu iska ta taso, ba ta kwanta ba har ya hau jirgi. Har yau abin yana damuna, domin na san abin da ya rasa. Saboda haka safiyar farko da kuka ga kan dutsen a fili, ku ajiye duk wani shiri ku nufe shi, ko da gajiyar hanya ba ta sake ku ba. Ku sayi tikiti ta intanet, ku isa da sassafe, don a Disamba layi yakan yi tsawo sosai kafin hantsi.

Keken igiyar ya fara aiki a 1929, waɗanda ake hawa yanzu kuma tun 1997 suke. Kowanne yana ɗaukar mutum 65, kuma daɓensa yana juyawa a hankali, ta yadda cikin minti biyar ɗin da za a yi ana hawa kowa zai ga kowace kusurwa. Ba sai an yi turereniyar neman bakin taga ba. A sama akwai hanyoyin ƙafa da aka gyara, yara ma za su iya. Za ku ga rema tana shan hantsi a kan duwatsu, irin tamu ta tsaunukan arewa, sai dai waɗannan sun saba da mutane. Kada yara su miƙa musu abinci, suna cizo. Ku tafi da rigunan sanyi ko da a ƙasa ana zufa. Kai kuma Alhaji, ranar nan ka bar babbar riga a masauki, ka sa kaftani, ka riƙe hularka da kyau. Akwai hanyar hawa da ƙafa ta wani kwazazzabo mai suna Platteklip, awa biyu zuwa uku na taka duwatsu kamar matakala, amma ban ba ka shawararta da yara a zafin Disamba ba.

Idan kana saman, ka dubi arewa cikin teku. Za ka hangi wani tsibiri shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba bishiyoyi masu yawa. Tsibirin Robben ke nan, kuma shi ne abu na biyu da iska ke da iko a kansa, domin in teku ta yi fushi ana soke jirgin ruwan. Shi ma kada a bar shi ƙarshe. Ka sayi tikitinsa tun kana gida, ka zaɓi rana ta biyu da safe, don in an soke ka sami damar sauyawa. Jirgin yana tashi daga tashar V&A Waterfront, kuma zuwa da zagayawa da dawowa yakan ci kusan awa huɗu. Wanda ruwa ke juya wa ciki ya sha magani kafin a tashi.

Kowa ya san Nelson Mandela ya yi shekara 18 a nan daga cikin 27 da ya yi a tsare, daga 1964 zuwa 1982, da lamba 466/64. Za a nuna muku ɗakinsa, wanda bai fi taku biyu zuwa uku ba kowane gefe, da bargo a ƙasa da bokiti. Za a kai ku ramin da suka yi shekaru suna fasa farin dutse, wanda ƙyallinsa ya lalata masa idanu. A bakin ramin akwai tarin duwatsu: a 1995 tsofaffin fursunoni suka koma ziyara, Mandela ya ɗauki dutse ya ajiye, sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Da yawa cikin masu zagayawa da baƙi a cikin kurkukun su kansu tsofaffin fursunonin siyasa ne. Suna ta tsufa, suna raguwa. In Allah Ya haɗa ku da ɗaya, ku saurare shi da kyau, ka bar yaranka su yi masa tambaya. Ka kuma gaya musu cewa ƙasarsu tana da hannu a wannan gwagwarmaya: a 1976 Nijeriya ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa bayarwa daga albashinsu.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba, kuma shi na fi so ka sani, shi ne kusan shekara 200 kafin Mandela wannan tsibirin ya riƙe malaman Musulunci. Kusa da kurkukun akwai wani ɗan gini mai koriyar ƙubba, hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu, wanda ya rasu a tsare a nan a 1754. Mota takan wuce ta gabansa da sauri, sai ka tambaya. Turawan Holan da suka kafa zango a Kef a 1652 suna mulkin tsibiran Indonesiya a lokacin, kuma duk sarki ko malamin da ya gagare su a can, sai su ɗauko shi su jefar a Kef, ƙarshen duniya a ganinsu. Haka suka kawo Shehu Yusuf na Makasar a 1694 tare da mabiyansa, ya rasu a 1699, hubbarensa yana wajen gari a wani wuri da har yau ake kira Macassar. Haka kuma a 1780 suka kawo Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam daga tsibirin Tidore, wanda mutanen Kef ke kira Tuan Guru, wato babban malami. A tsare yake a wannan tsibirin, ba littafi ko ɗaya a hannunsa, ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi in an ce mutum ya rubuta da ka, ya san darajar alaramma. To wannan alaramma ne da ya yi satu a kurkuku.

Da aka sake shi ya buɗe makaranta a titin Dorp, yana karantar da bayi da 'yantattu, kuma a nan aka kafa Masallacin Auwal a 1794, masallaci na farko a Afirka ta Kudu, tun kafin a ba Musulmi izinin yin addininsu a fili a 1804. Masallacin yana nan ana sallah a cikinsa, a unguwar Bo-Kaap da ke gangaren tudun Signal Hill. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta yana ajiye a ciki, a akwatin gilashi. An tsinto shi ne a rufin masallacin lokacin wani gyara. Ranar da na fara tsayawa a gabansa na daɗe ban motsa ba. Takardar ta yi ja don tsufa, tawada baƙa da ja, rubutun a natse, ba gaggawa a cikinsa. Ka je lokacin sallah, ka yi sallama ga limamin ko ladan, ka ce daga Nijeriya kake, ka roƙi a nuna maka. Kabarin Tuan Guru yana sama kaɗan a maƙabartar Tana Baru. Ya rasu a 1807.

Yawancin masu yawon buɗe ido minti ashirin suke yi a Bo-Kaap. Su sauka daga mota, su ɗauki hoto a gaban gidajen nan masu fenti kore da ruwan hoda da rawaya, su wuce. Ni ina ganin asara ce, musamman gare ku. Ku ba ta rabin yini. Gidajen nan mutane ne a ciki, jikokin waɗancan bayi da malamai, don haka a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoton ƙofar mutum. Akwai ƙaramin gidan tarihi a titin Wale, da shagon kayan ƙamshi inda Hajiya za ta so ta daɗe. Za ka ji kalmomin da za su yi maka kama da na gida: hubbare suna ce masa kramat, daga karama, buɗa-baki boeka, sallar idi labarang. Kuma kakanninsu sun rubuta harshen Afirkans da haruffan Larabci, ajami sak irin namu. Wani malami da Daular Usmaniyya ta aiko musu, Abubakar Effendi, ya rubuta littafin fiƙihu da wannan ajamin, aka buga a Istanbul a 1877. In kuna unguwar da tsakar rana kuka ji ƙarar igwa, kada ku firgita: kullum ƙarfe 12 daidai ake harba ta daga kan tudun, ban da Lahadi da ranakun hutu.

In kwanakinku sun haɗa da Lahadi, ku je da safe ku nemi koesister. Wani soyayyen ƙulli ne mai kama da fanke, an kwaɓa shi da kirfa da citta da sauran kayan ƙamshi, a tsoma a ruwan sukari mai zafi, a barbaɗa kwakwa. Al'adar safiyar Lahadi ce, za ka ga yara da kwanuka suna zuwa saye a ƙofar gidaje. Da ɗuminsa ake ci, da shayi.

Tun da mun zo kan abinci: a wannan fanni hankalinka ya kwanta. Musulmi suna da yawa a Kef Tawun, kuma gidajen abinci da dama suna manna takardar shaidar halal a bango, ta MJC ko ta SANHA, ƙungiyoyin da ke tantance halal a ƙasar. In ba ka gani ba ka tambaya, ba wanda zai ji haushi. Ku ɗanɗani bredie, wato dafaffen naman rago da kayan lambu, da biryani irin nasu, da soyayyen kifi a tashar masunta ta Hout Bay ko Kalk Bay. Akwai kuma gatsby, dogon burodi da aka cusa wa nama da soyayyen dankali, guda ɗaya ya ishe ku ku huɗu. Abu ɗaya za ka kula da shi: yawancin kamfanonin yawo suna saka ziyarar gonakin inabi na Constantia ko Stellenbosch a cikin shirinsu, kuma abin da ake yi a can ɗanɗanar giya ne. Ka karanta shirin kafin ka biya.

Sallah kuma sai ka sake lissafi. Alƙibla a can ba gabas take ba kamar yadda jikinka ya saba, arewa ce da ɗan karkata zuwa gabas. A Disamba yini yana da tsawo ƙwarai: alfijir yana ketowa kafin ƙarfe 4, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8 na dare. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Ka karɓi jadawalin sallah a masallaci ko ka duba a waya tun ranar farko.

Rana guda cikakkiya ku ba zirin ƙasar da ya miƙa kudu cikin teku. Wannan ita ce ranar yara, kuma ko da ɗan iska ana iya yin ta. Ku ɗauki mota da direba. A hagu suke tuƙi, kuma hanyar ba ta koyo ba ce. Ku bi ta Hout Bay ku hau hanyar Chapman's Peak, wadda aka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe a 1922: kilomita 9, kwana 114, dutse a hagunku, teku can ƙasa a damanku. Ana biyan kuɗin shiga, wani lokaci kuma ana rufe ta saboda faɗowar duwatsu. Daga nan sai gandun da Cape Point da Tsinin Kyakkyawan Fata, wato Cape of Good Hope, suke, inda matuƙin jirgin Fotugal Bartolomeu Dias ya kewaya a 1488. Za ka ji ana cewa nan ne ƙarshen Afirka, nan tekuna biyu suka haɗu. Ba haka ba ne. Ƙarshen kudu na nahiyar yana Agulhas, fiye da kilomita 200 a mota daga gari. Wannan bai rage wa wurin komai ba. Ku hau zuwa tsohuwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda aka gina a wuri mai tsawo har hazo ya riƙa rufe ta, sai da wani jirgin Fotugal ya nutse a 1911 aka gina wata a ƙasa. Za ku iya cin karo da jimina tana kiwo a bakin teku. Gwaggon biri kuwa suna da yawa kuma ba sa tsoro: sun iya buɗe ƙofar mota, suna fizge leda daga hannun yaro. A kulle ƙofofi, kada a fito da abinci a gabansu.

A hanyar dawowa ku tsaya a Boulders, kusa da Simon's Town, inda tsuntsayen fengwin suke. Ba sa tashi, tafiya suke a tsaye kamar yaro mai koyon tafiya, a ruwa kuwa kamar kibiya. Kukansu kukan jaki ne sak, yaranka za su yi ta waige suna neman jakin. A 1982 suka fara zama a wurin, kuma jinsinsu yana cikin haɗarin ƙarewa saboda ƙarancin kifin da suke ci. Ana kallonsu daga kan gadar katako, ba a taɓa su.

Game da wanka a teku, ruwan gefen Atilantika, wato Camps Bay da Clifton, sanyi ne da shi kamar ƙanƙara ko a tsakiyar zafi, saboda igiyar ruwan Benguela da ke tasowa daga kudu. Kuma in faɗa maka gaskiya, shigar mutane a waɗannan wuraren a Disamba ba za ta yi maka daɗi da iyali ba. Ku wuce ta wurin a mota don ganin jerin tsaunukan da ke bayansa, ya wadatar. In yara sun matsa sai sun taɓa ruwa, Muizenberg ta fi ɗumi kuma iyalai sun fi zuwa. A tsaya tsakanin tutocin masu ceto.

Akwai wuri ɗaya a tsakiyar gari da ba na yarda baƙona ya tafi bai shiga ba: gidan tarihin District Six a titin Buitenkant. Unguwa ce da Musulmi da Kirista da Yahudawa, baƙi da Indiyawa da masu ruwa biyu suka zauna tare. Ranar 11 ga Fabrairu 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce ta zama ta farare zalla. Aka kwashe mutum fiye da 60,000 aka watsa su a filayen yashi na bayan gari, katafila ta rushe gidajensu, aka bar masallatai da coci-coci tsaye su kaɗai a fili. A daɓen gidan tarihin an shimfiɗa taswirar unguwar, tsofaffin mazauna sun zo sun rubuta sunayen gidajensu da hannunsu a inda suke a da. Awa ɗaya ta isa, kuma bayan ta za ka fahimci ɗakunan kwanon da ka gani jere a gefen titi daga filin jirgi. Daga nan taku kaɗan ne zuwa zauren birni, inda Mandela ya yi jawabinsa na farko ranar da aka sake shi, ita ma 11 ga Fabrairu, a 1990. In ka sami zuwa Juma'a a unguwar Claremont, ka tambayi labarin Imam Abdullahi Haron, limamin wani masallaci a can da ya rasu a hannun 'yan sandan wariya a 1969 bayan kwana 123 a tsare.

Lambun Kirstenbosch, wanda aka kafa a 1913 a bayan dutsen, shi ne wurin da za ku ajiye don ranar da iska ta hana komai, domin gefen nan ya fi samun kariya. Wurin shimfiɗa tabarma ne a huta. V&A Waterfront kuwa kantuna ne da gidajen abinci da gidan kallon kifaye; yana da kyau da yamma, amma kada ya cinye muku yini.

Sai maganar hatsari. Ba zan ɓoye maka ba, akwai fashi da ƙwace a Kef Tawun, kuma wasu unguwannin bayan gari suna fama da rikicin 'yan daba mai tsanani. An kuma sha kai wa baƙi 'yan Afirka hari a ƙasar a shekarun baya. Amma wuraren da na lissafa maka cike suke da jama'a da masu tsaro, kuma abin da ake bukata bai wuce hankalin da kake yi a kowace babbar kasuwa ba. Kada ku yi yawo a ƙafa bayan duhu ya yi, ku kira mota ta waya. Kada a bar jaka ko waya a kujerar mota inda za a hango. Kada ka karɓi taimakon kowa a wurin na'urar cirar kuɗi. Hajiya ta rage gwal. Kada ku bi hanyoyin dutse ku kaɗai, kuma in kuna son ganin unguwannin bayan gari kamar Langa ko Khayelitsha, ku tafi da ɗan unguwar. Fasfo ya zauna a masauki, ka riƙe kwafinsa. Tun daga gida kuma ka nemi biza da wuri, ka tanadi katin rigakafin shawara na kowa, da takardun haihuwar yaran, domin ana iya tambaya. Masauki ma ka kama tun yanzu, Disamba lokacin hutunsu ne, gari yana cika, farashi yana hawa.

Yammacin ƙarshe, in sama ta yi kyau, ku hau Signal Hill da mota kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana, da abin shimfiɗa da rigunan sanyi. Daga nan za ku ga Dutsen Tebur da dutsen Kan Zaki a gefe guda, tsibirin Robben a cikin ruwa, rufin gidajen Bo-Kaap a ƙarƙashinku. Ka ce wa direban ya jira ku, don motoci suna cunkushewa a hanyar saukowa. Da rana ta faɗi ku gangara, minti kaɗan ne zuwa titin Dorp, ku sami magariba a Masallacin Auwal.